Na Yi Wa Kamfani Tattali

Masu bibiyata, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in na gaji da labarin in faɗa mata ta kama gabanta. 'Yar'uwa, da kin san makon da na gani da kin sassauta min. Yau ma sai da na wanke fuska kafin na iya zama in rubuta, don haka wadda ta zo neman dariya ta yi haƙuri, ban zo da ita ba.

Sababbin shigowa kuma, ga ni. Sunana Isidora, haifaffiyar birnin Novi Sad da ke bakin kogin Danube, ni ce shugabar sashen fasaha a wani kamfanin jigilar kaya da manyan motoci. Duk abin da ake jona wa wuta a kamfanin nan a wuyana yake, tun daga manhajar da ke nuna wa direba hanya har zuwa injin buga takarda na ofishin sakatariya. In komai na tafiya daidai ba wanda ke tuna ina raye. Amma bari intanet ya ɗauke na ɗan lokaci, har mai gadi ya san sunana.

Sai Vukan. Shi ne mai ɗan ƙaramin kamfanin da ke kula mana da manyan na'urorin ajiyar bayanai da ke ɗakin ƙasa, yana kuma kare su daga masu kutse, shi da 'yan yaransa da ba su cika mota biyu ba. Rabin abincinsu daga wurinmu yake fitowa. Kwangilarsa ta riga ni zuwa kamfanin, ba ni na kawo shi ba, ku riƙe wannan da kyau. Abin da na yi kawai shi ne na kamu da sonsa. Tun farko na je na sanar da mai kamfanin, Oga Obrad, ya yi dariya ya ce mu dai kada mu manta da shi ranar biki. Shi ya yi dariyarsa ya wuce wurin, ni ce ban wuce ba. Daga ranar duk takardar da ta fito daga hannun Vukan sai na tankaɗe ta na rairaye fiye da ta kowa, don kada wani ɗan gulma ya ce ina ciyar da saurayina da dukiyar kamfani.

A farkon kaka ya same ni a ofis, ya rufe ƙofa ya ce, "Isi, na'urorin nan na ƙasa sun tsufa, ɗaya har ta fara tari. Kuma na san kina da rarar kuɗi a kasafinki na bana."

Ina da ita kuwa. Na yi ciniki da masu sayar mana da lasisin manhaja har sai da suka kusa kuka, na kuma jinkirta ɗaukar sabon ma'aikaci. Ina ji da rarar nan kamar ni na haife ta.

Na ce, "To sai aka yi yaya?"

"Ki kashe ta kafin ƙarshen shekara. Kin san yadda ake yi a gidan nan, abin da ba ki kashe bana ba, baɗi ba za ki gan shi ba."

"Wato in kashe a kanka."

"Haba Isi. Ki ba wani kamfanin aikin, ni zan ma nuna miki masu gaskiya. Ke dai ki kashe."

"In zama irin mutanen sashen talla ke nan, masu sayen kujeru da kalanda duk Disamba don kada a rage musu?"

"Kin taɓa jin an rage musu?"

Na ɗaga hanci na ce, "Ni ba haka aka tarbiyyantar da ni ba."

Ya yi ɗan murmushin nan nasa na gefen baki ya ce, "Allah ya ba da lada, Uwar Tattali."

Ku ji fa, wai tarbiyya. Gaskiyar magana ina tsoron ko wani na ba aikin a ce Vukan ne ya kitsa don ya samu nasa ta bayan fage. Sannan ina so ranar taron kasafi in dire rarar nan a gaban manya su tafa min. Son yabo ne ya ja ni.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi taron. Na sa kwat ɗina ruwan toka da 'yan kunnen da Kaka ta bar min, na shiga ina taku ɗaiɗai. Gordana, shugabar sashen kuɗi, tana zaune da tabarau a ƙarshen hanci. Mace ce da ko gaisuwa sai ta auna kafin ta ba ka. Oga Obrad kuma bai daɗe da dawowa daga wani baje koli a Jamus ba, ya dawo mana da zazzaɓin ƙirƙirarriyar basira. Ko kofi aka kawo masa sai ya tambaya ko ba za a iya sa masa basirar ba.

Tafin da na zo nema na same shi. Gordana da kanta ta ce, "A yaba wa Isidora. Ita kaɗai ce ta dawo mana da kuɗi bana." Aka tafa raf-raf. Ina cikin sunkuyar da kai irin na masu kunya sai ta ci gaba, "Wannan ya nuna sashenta zai iya tafiya da ƙasa da abin da muke ba shi. Don haka kasafinta na baɗi zai tashi ne daga abin da ta kashe bana."

Na ce, "Madam Gordana, ai jinkirta abubuwa na yi, ba wai ba ma buƙatarsu ba ne."

"Kamfani ya tsaya?"

"Bai tsaya ba."

"To."

Shugaban sashen talla na gefena yana wasa da sabon biro mai tambarin kamfani, ko kallona bai yi ba.

Ana wata ga wata. Oga ya buga tebur ya ce daga ɗan abin da ya rage ɗin ma a ware kaso mai tsoka don manhajar basira da za ta riƙa amsa wa abokan ciniki tambayoyi, kuma wannan kason ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba. Masu lasisin da na matse bana kuwa sun riga sun aiko da sabon farashi, sun rama har da riba, kuma da yuro suke karɓa ba dinarin ƙasarmu ba. Da muka zauna ni da Gordana bayan taro muka ware abubuwan da ba su taɓuwa, sai abu biyu suka rage a kan tebur. Ko in sallami mutum biyu daga ma'aikatana, ko in soke kwangilar Vukan in ɗora wa yarana aikinsa.

Rana zafi, inuwa ƙuna. Ɗaya daga cikin waɗanda za su tafi, watan jiya matarsa ta haihu, ni na zagaya ofis da ambulan ɗin gudummawa. Ɗayar kuma ni na ɗauko ta daga jami'a, na hana ta tafiya Jamus na ce akwai gaba a nan. Na ɗauki biro na ja layi a kan sunan kamfanin Vukan. Har yanzu ban ce wannan zaɓin kuskure ne ba. Kuskuren yana gaba.

Gordana ta cire tabarau ta ce, "Ba wanda zai ji wannan sai takarda ta fita daga ofishina. Musamman ke. In ya ji daga bakinki, lauya zai ce kin fitar wa saurayinki sirrin kamfani, kuma ba zan iya kare ki ba."

"Yaushe za ta fita?"

"In na gama da sauran sassan."

Na ce a raina sai mako mai zuwa ke nan.

Na koma gida na tarar ɗakin girkinmu ya zama kasuwa. Juma'a ce slavarmu, bikin waliyyin gidanmu Nikola, wanda Baba ya gada kaka da kakanni. Da yake a cikin azumi take faɗowa, ba nama, ba madara, ba ƙwai, don haka tun da wuri Mama ke shiga yaƙi da fulawa da zuma, kada matan dangi su ce kek ɗinta ya bushe. An jera farantai a baranda don sanyi ya riƙe su. Ganyen kabeji mai tsami na cikin baho, ƙanwata Senka na naɗe shinkafa a ciki, 'ya'yanta na ƙarƙashin tebur suna satar kek.

Mama ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma wa ya mutu?"

"Gajiya ce, Mama."

"Kullum gajiya. Kwamfuta dai ba ta haihuwa, in gaya miki. Zo ki riƙe min wannan." Ta miƙo min rariya. "Rigar da za ki sa Juma'a fa? Kada ki kuskura ki fito min da wannan kwat ɗin mai kama da na ma'aikacin banki."

Senka ta ce, "Mama, ki gaya mata mana. Cikina zai fashe."

"Rufe min baki, uwar surutu."

"Yaya, Vukan ya je wurin Baba ranar Lahadi! A gareji ya same shi, wai har da sabon aski. Baba ya bar shi tsaye yana riƙe masa fitila har hannunsa ya sage, sannan ya ce to samari, me ke tafe da kai?"

Mama ta jefe ta da tsumma, amma ita ma bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ce, "Tunda ta fasa ƙwan, shi ke nan. Juma'a zai yi maganar aurenku a gaban dangi. Ki yi kamar ba ki sani ba. Kuma Isidora, wallahi in kika kawo min wani 'sai na yi tunani' irin naku na 'yan ofis, ni da ke ne. Shekara talatin da biyu ba wasa ba ce."

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada su ji ni. Abin da na daɗe ina jira ya zo, ya kuma zo rana ɗaya da layin da na ja.

Laraba da yamma ya zo ɗaukata daga ofis. Muka tsallaka gada muka tsaya bakin kogin Danube, ƙarƙashin tsohuwar ganuwa, inda muka saba. Sanyi ya hana mu fita daga mota. Ya sayo gasasshen kesten, 'ya'yan itacen nan masu ɓawo da ake gasawa lokacin sanyi, a ƙunshin takarda, yana ɓarewa yana miƙo min, yatsunsa duk baƙin gawayi.

Ya ce, "Ina da magana, amma ba wadda Senka ta riga ta fesa miki ba."

Na yi dariyar dole. "Ban san abin da kake nufi ba."

"Kin sani mana, ga kunnuwanki nan sun yi ja." Sai ya gyara zama. "Wani kamfanin shagunan magani a Belgrade, babban birni, na son mu daga watan Janairu. Mu duka, kullum. Kuɗinsu ya fi naku. Amma in na karɓa dole in sake ku, ba ni da hannun riƙe biyu. Gobe suke son amsa."

Na daina tauna. Na mayar da sauran kesten ɗin cikin ƙunshin.

"Me ka yanke?"

"Zan ce a'a. Ku kuka riƙe ni tun ina aiki a ɗakin kwanana. Kuma ba na son in fara aure ina kan hanyar Belgrade kullum, in fita kina barci in dawo kina barci." Ya juyo ya kalle ni sosai. "Na san jiya kun yi taron kasafi. Ba na tambayarki sirrin kamfani, Isi, kada ma ki gaya min komai. Kalma ɗaya ta isa. In kin ce min karɓi, zan karɓa, kuma ba zan taɓa tambayarki dalili ba."

Jama'a, kun ji ƙofar da bawan Allahn nan ya buɗe min. Ba lauyan da zai kama ni da kalma ɗaya a cikin mota. Amma na zauna ina saƙa da warwara. Na ce a raina gobe zan shiga wurin Oga in juyar da shi, ai yana jin maganata. Na ce in na furta kalmar nan, Vukan ba yaro ba ne, zai gane komai, ya zo gidanmu Juma'a da fuskar wanda budurwarsa ta kora daga aiki. Ni kuwa ina son Juma'ar nan ta zo min cikakkiya, ba tabo. Wannan ce gaskiyar, sauran duk ado ne.

Na ce, "Ka yi abin da zuciyarka ta kwanta da shi."

Ya kalle ni ya ce, "Shi ke nan." Ya sumbaci goshina, ya tayar da mota.

Alhamis tun kafin Oga ya cire rigar sanyinsa na faɗa ofishinsa. Na ce a ɗaga aikin basirar zuwa tsakiyar shekara. Na ce yarana ba su san na'urorin ƙasa kamar yadda Vukan ya san su ba, in suka faɗi ranar da motocinmu ke kan iyaka, ba manhajar da za ta amsa wa kowa komai. Na ce ba a fara gini daga rufi.

Ya saurare ni yana juya cokali a kofi. Ya ce, "'Yata, abokan cinikinmu na Jamus ba sa tambayata lafiyar ɗakin ƙasa. Abin da suke tambaya shi ne, kuna da basirar nan ko ba ku da ita? Masu gasa da mu sun riga sun sa tasu a talla. Na'urorin sun mutu ne?"

"Ba su mutu ba, Oga, amma..."

"In sun mutu ki zo mu yi magana." Ya ajiye cokalin. "Kuma bari in faɗa miki don ina ƙaunarki. Da wani ne ya kawo min roƙon nan da na ƙara tunani. Ke kuwa, ko gaskiya kika faɗa a kan kwangilar nan, ba wanda zai ji ta a matsayin gaskiya. Ki bar maganar, don mutuncinki."

Ka ji min. Duk takurawar da na yi wa Vukan don tsare mutuncin nan na yi ta, ranar da na zo cin moriyarsa kuma aka ce in koma in ci gaba da tsaronsa.

Ina fitowa wayata ta yi ƙara. Vukan ne.

"Na ce musu a'a. Ransu bai so ba, sun ce zuwa yamma za su sa hannu da wasu. Ni dai hankalina ya kwanta."

Kafin in gama karantawa wani saƙon ya shigo. "Yanzu ga babbar tambaya. Wane taye zan ɗaura gobe, shuɗi ko ja? Na ji babanki ya tsani ƙungiyar ƙwallon masu jajayen kaya."

Na tsaya a bakin ofishin Oga da waya a hannu. Da na kira shi a lokacin, wataƙila da ya sake kiran mutanen Belgrade kafin su sa hannu. Na san haka sarai. Amma sai na ce bakin alƙalami ya riga ya bushe, in bari Juma'a ta wuce, Asabar in zaunar da shi in gaya masa da bakina, lauya ya yi abin da zai yi. Na rubuta masa, "Shuɗi." Har da alamar zuciya na sa.

Da yamma na tarar da Baba a baranda yana kankare kifi, sanye da tsohuwar rigar sanyinsa mai ɓulalliyar gwiwar hannu. Baba ba mai yawan magana ba ne. Bai ɗago ba ya ce, "Yaron nan yana da hankali. Ya san riƙe fitila." Ya juya kifin. "Kin kwanta da shi a ranki?"

"Na kwanta, Baba."

"To madalla. Miƙo min gishiri."

Juma'a ban je aiki ba, ranar slava kowa na da hutunsa. Na kashe wayar ofis na jefa a durowa. Na sa koriyar rigar da Mama ta zaɓa, mai dogon hannu da ƙananan maɓallai har wuya, Senka ta naɗe min gashi tana tsokanata wai in rage murmushi kada haƙorana su yi sanyi. Ita ba ta san da ƙyar nake riƙe murmushin ba. Gidan na ƙamshin soyayyen kifi da turaren coci. An kunna dogon kyandir a gaban hoton waliyyi, Baba cikin farar riga yana tsaye a bakin ƙofa, don mai gida ba ya zama ranar slava muddin kyandir na ci.

Baƙi suka yi ta shigowa, kowa ya ɗebi cokalin dafaffiyar alkama mai zaƙi ya yi addu'a kafin ya wuce ciki. Goggonnina suka kama kujerun kusa da hita, suna min kallon da ya nuna labarin Senka ya zaga dangi kaf.

Vukan ya iso dab da zuwan Fada, limamin cocinmu. Shuɗin taye, furanni ga Mama, kwalbar ruwan inabi ga Baba. Ya sumbaci kowa a kumatu yadda aka saba. Da ya zo kaina leɓensa sanyi ƙalau, bai kuma kalli idona ba. Na ce a raina tsoro ne, wa zai nemi aure a gaban goggonnina bai ji tsoro ba?

Fada ya yi addu'a, ya tsaga burodin slava ta ƙasa, ya zuba masa ruwan inabi. Sai aka zo juya shi. A gidanmu mutanen gida kaɗai ke sa wa burodin nan hannu, a riƙe shi tare ana juyawa ana waƙa, baƙo komai kusancinsa yana baya yana kallo. Ni da Mama da Senka da mijinta da yara muka matso. Baba ya ɗaga kai ya leƙa bayan mutane.

"Vukan. Me kake yi a can? Matso, ɗana."

Wata goggo ta ce "Allah Sarki" tana laluben hankici. Mijin Senka sai bayan aure Baba ya bar shi ya taɓa burodin nan. Vukan ya tsaya kamar ba zai motsa ba. A karon farko ranar ya dube ni, wani kallo da ban taɓa gani a idonsa ba. Sannan ya tako ya sa hannu. Muka juya ana waƙa, Mama na hawaye a fili. Yatsana ya taɓa nasa a ƙarƙashin burodin, sai na ji ya janye.

Da aka fara zuba miya ya raɗa min, "Zo waje kaɗan."

Muka fita matattakalar bene, na jawo ƙofa. Fitilar wurin irin mai kashe kanta ce, sai an danna. Ya zaro waya ya miƙo min. Saƙo ne daga ofishin Gordana, na safiyar ranar. Kamfani na godiya da hidimar shekara da shekaru, ba za a sabunta kwangila ba daga ƙarshen Janairu. A ƙasa an rubuta, bisa shawarar shugabar sashen fasaha.

Na mayar masa da wayarsa.

"Vukan, ka bari in yi maka bayani. Ko kai ko mutum biyu daga cikin..."

"Na sani. Da ni ne a kujerarki abin da zan yi ke nan." Muryarsa a kwance, wallahi da ihu ya yi min da ya fi min sauƙi. "Kwangila ai ba aure ba ce, Isi, ana sokewa. Ba wannan ya fito da ni ba. Ina ganin saƙon na kira Belgrade, sun sa hannu jiya da yamma. Litinin zan tara yarana in gaya musu rabinsu su fara neman aiki, ana shirin Kirsimeti."

"Na je wurin Oga, na roƙe shi, na rantse maka..."

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Yaushe kika sani?"

Fitila ta mutu. Ba wanda ya danna a cikinmu. Daga ciki ana jiyo ƙarar cokula da dariyar mijin Senka. Ƙarya na nan a kan harshena, in ce jiya da yamma, bayan komai ya riga ya wuce, kuma ba yadda zai yi ya gano. Na haɗiye ta.

"Talata."

"Talata," ya maimaita a hankali. "Wato a cikin motar nan, ina tambayarki, kina kallon idona..."

"Na ɗauka zan iya gyarawa. Ban so in ɓata mana yau ba."

"Yau." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na sa hannu a burodin ne don ba zan kunyata babanki a gaban baƙinsa ba. Ki ba shi haƙuri, ki ce masa matsalar aiki ce ta taso. Ai ba ƙarya kika yi ba."

"Don Allah kada ka tafi haka. Ka zage ni, ka yi min duk abin da ka ga dama, amma ka shigo."

"Kalma ɗaya na roƙa, Isidora."

Na ji takunsa yana sauka a cikin duhu, a hankali, ba gudu ba. Ban bi shi ba. Tunda nake ban taɓa jin haushin kaina irin na lokacin ba, don ba Gordana ce ta yi min ba, ba Oga ba ne, ni ce.

Ƙofar gidanmu ta buɗe, haske da ƙamshin kifi suka fito tare da Mama. Ta sake shafa jan baki, fuskarta sai sheƙi take yi.

"Ku kuma me kuke yi a duhu kamar ɓarayi? Ku shigo, miya na hucewa. Babanki ya tsayar da kowa, ya cika kofuna, ya ce ba mai sha sai Vukan ya yi maganarsa." Ta danna fitila, ta dubi bayana, ta leƙa benen. "Ina yake?"

A can ƙasa, ƙofar titi ta rufe.